Bitar Badamasi Mai Ganga

Ni malamar Islamiyya ce a Gwaram, kuma babu kalmar da ta fi yawa a bakina kamar bita. Da zarar walimar sauka ta matso sai in wuni ina tsawa: ku sake, ku miƙe tare, ke Khuzaima ɗaga murya, ba a ba ki abinci a gida ba ne? Wannan maimaitawa da ake yi a keɓe kafin ranar da jama'a za su taru su zuba ido, ita muke cewa bita. Sojoji atisaye suke cewa. Ƙanina da ya je Kano ya shiga harkar fim ya dawo mana da rihazal, yana faɗa yana wani tauna harshe. Duk abu ɗaya ne, ka yi kuskurenka tun babu mai kallo. Amma a gidan da na tashi wannan kalma kusan zagi ce. Mahaifina, Badamasi Mai Ganga, sai da ya haura saba'in a duniya kafin ya yi bita ko sau ɗaya, kuma labarin wannan bitar nake so in bayar.

An haife shi a wani ƙauye da ke gefen Maruta, a gidan makaɗan noma. Bari in yi bayani, don yaran yanzu sai ka ce daga sama suka faɗo. Gayya ita ce mutanen gari su taru su nome wa mutum ɗaya gonarsa a yini guda, shi kuma ya ciyar da su. Makaɗi yana bin bayan manoma da babbar ganga rataye a kafaɗa, kuma shi ne ke riƙe da gudun aikin. Ya yi sauri su yi sauri, ya sassauta su sassauta. Kowane gwanin manomi yana da takensa, wato kiɗan da aka yi domin shi kaɗai, wanda gangar ke kiran sunansa a ciki. In aka kaɗa wa mutum takensa sai ya tsuma, jikinsa ya ɗauki rawa, ya manta da gajiya, ya manta da kansa ma.

Baba bai taɓa zama an koya masa kiɗa ba. Tun yana ƙarami aka rataya masa 'yar gangar nan da ake kira kazagi, aka ce ya bi bayan ubansa cikin gona. In ya kuskure, gular kiɗan da ke hannun uban ita za ta sauka a tsakar kansa, a gaban kowa, a ci gaba da tafiya. Har ya tsufa akwai wani ɗan tudu a kansa da yake nuna mana, yana cewa nan ce makarantarsa. A gidansu ba a taɓa ganga a zaure ko a ɗaki, domin muryarta kira ce. An ce wani baffansa ya taɓa buga ta da wasa yana yaro, sai ga magidanta sun fito da fartanyoyi suna tambayar gonar wa za a, ranar kuwa ya sha dukan da ya ishe shi. Bayan wannan akwai girman kai, gaskiya dai a faɗe ta. A wurinsu makaɗin da ya keɓe yana gwada hannu ya nuna ke nan yana shakkar gadonsa. Bita ta ɗan koyo ce, ta wanda ya shigo sana'ar da rana tsaka.

Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda igiyar ganga. Ba ya magana. Wallahi sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, in ka cire sallama da addu'ar cin abinci. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ta auri mutum biyu, ɗaya bebe ɗaya sarkin surutu, sai dai sarkin surutun a jikin bango yake kwana. Yana noma geronsa da gyaɗa da ɗan riɗi kamar kowa, bai taɓa zama maroƙin da ke bin ƙofar masu kuɗi ba. Abin da aka ba shi a gayya ya karɓa, in dami ne in ƙwaryar hatsi ce, bai taɓa dubawa a gaban mai bayarwa ba.

Amininsa kuwa, Baba Ɗanbala, kishiyar halinsa ne ta kowace fuska. Dogo, mai murya, in yana dariya a ƙofar gidansa ana ji a masallaci. Shi ne gwanin noman yankinmu a zamaninsa, har daga Sara da Sundimina ake aiko masa da goron gayya. Baba ne ya yi masa take tun suna samari. Gangar cewa take yi: Ɗanbala gagara rana, ƙasa ta san ka, ƙasa ta san ka. Kiɗi ne mai gudu, babu wurin shan iska a cikinsa ko kaɗan, sai an kai ƙarshen kunyar gona sannan gangar ta yi wani dogon kira, manomin ya miƙe tsaye ya ɗaga fartanya sama ya yi jinjina, mata su rangaɗa guɗa. Ina yarinya na sha ganin su, dogo a gaba a sunkuye ƙasa na tashi, gajere a baya yana binsa da ganga. Idan aka gama su zauna su ci a ƙwarya ɗaya, Baba Ɗanbala yana zuba, Babanmu yana gyaɗa kai.

Sai zamani ya juya. Garmar shanu ta yawaita, maganin feshi ya zo, mai hali ya ɗauko tarakta. Gayya ta yi ta ja da baya har ta zama sai labari. Gangar Baba ta koma jikin bango cikin tsohon buhu. Abin da ke ba ni tausayi, duk da babu mai kiransa, bai fasa sauko da ita ya goge ya shafa mata mai ba, in fatar ta gaji ya sake wata. Amma ko ɗan yatsa ba ya buga mata. Ya duba, ya mayar.

Daminar bara waccan na je gida hutun makaranta, don tun rasuwar Inna nakan je in ɗan gyara masa ɗaki in dafa masa abin da yake so. Na tarar limamin garinmu, Malam Aminullahi, ya faɗi a babur ya karye a cinya, dawarsa kuma ciyawa na neman cinye ta. Samarin gari, da wani mai suna Safiyanu a gabansu, suka ce za su yi masa gayya da zarar kowa ya sauke nasa noman. Kuma ba gayyar shiru ba, irin ta da suke so, da ganga da take, su ɗauka a waya su nuna wa duniya. Suka kawo wa Baba goro. Ya karɓa hannu bibbiyu, na san murna yake yi, ko da yake fuskar nan ko gezau.

Washegari da hantsi Inna Hajjo, matar Baba Ɗanbala, ta yi sallama. Ko zama ba ta yi daidai ba ta fara.

"Malam Badamasi, wurinka na zo, kuma bai san na zo ba. Abokin naka ba shi da lafiya."

Baba ya ɗago ya dube ta.

Ta ce da bazara ya yanke jiki ya faɗi a bayan gida, suka kai shi asibiti a Birnin Kudu, aka ce zuciyarsa ce ta kumbura. Likita ya ce ya riƙa ɗan motsa jiki a hankali, amma aikin ƙarfi na gaggawa, irin wanda numfashi ke sarƙewa, ya rabu da shi har abada in yana son ransa. Shi kuwa Baba Ɗanbala ya hana a gaya wa kowa. Mutanen gari ce musu aka yi zazzaɓi ne. Yanzu kuma tun da ya ji maganar gayya ya sauko da fartanyarsa yana wasa ta.

"Na yi magana, na yi kuka, ya ce in ba shi wuri. Kai kaɗai ka rage. Don girman Allah kada ka kaɗa masa taken nan. Ka san shi, in ya ji shi ba zai tsaya ba sai ya faɗi."

Baba ya ce, "Hajjo, kin san wanda ake tsallakewa."

Ta sani, ni ma na sani. Al'adar gidanmu ce, kafin a sa fartanya a ƙasa makaɗi zai bi taken gwanayen gari ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Wanda ya rasu ba a kaɗa nasa, sai a buga gula sau ɗaya a jikin itacen gangar, ƙwas, a wuce. Mamaci kaɗai ake yi wa haka. A tsallake mutum yana tsaye da ransa a bakin gona, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa, daidai yake da a ce masa an gama da shi.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "To Baba, ka ce ba ka da lafiya mana. In babu ganga ai babu take."

Inna Hajjo ta girgiza kai. Ashe Safiyanu yana da tsohon kiɗan Baba a wayarsa, wanda aka kwafo daga wani kaset na shekarun baya, kuma ya riga ya faɗa cewa in tsoho ya gaji sai su sa a lasifika. Wato taken Baba Ɗanbala da gudunsa na lokacin da suke da jini a jika, kuma waya ba ta da idon da za ta ga mutum yana haki ta sassauta.

Baba bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ya ce mata ta gaida gida. Ta fita tana share ido da gefen mayafi, ni kuma haushinsa ya cika ni, don a ganina lokacin magana ne ya tsaya yana shirunsa na gado.

Ranar da la'asar ya sauko da ganga, ya saɓa fartanya, ya fita. Can sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, gangar gidanmu tana magana babu gayya. Daga wajen dutsen da ke gabashin gari sautin ke zuwa, sama-sama. A fara, a tsaya. A sake farawa, a sake tsayawa. Na ce innalillahi, bita Baba yake yi.

Kafin kwana biyu gari ya ɗauka. A bakin rijiya wata ta ce mini, "Nasiha, ashe tsohon naku ya koma ɗan koyo?" Wani tsoho a ƙofar masallaci ya ce da uban Badamasi zai tashi ya ji wannan da ya koma da baƙin ciki. Samari suka ce hannun ne ya mutu, gara a shirya lasifika. Har da masu cewa iskokin dutse ne suka kira shi yake yi musu wasa. Kai, mutane! Wanda ko tafi bai iya ba shi ma ya samu bakin magana. Na mayar wa wasu da martani, ba zan ɓoye ba, wadda ta tare ni a rijiya sai da ta bar guganta a wurin. Amma ni kaina abin yana ci mini rai, don na san abin da yake zubarwa. Mutumin da bai mallaki komai ba sai sunan gidansu, ga shi yana saɓa shi a kafaɗa kullum yana kaiwa dutse.

Rana ta uku ko ta huɗu na ɗauki ruwa a buta na bi shi. Na same shi a gindin dutsen. Zai kaɗa taken kaɗan, sai ya ajiye ganga ya ɗauki fartanya ya yi noma a ɗan filin da ke wurin, har numfashinsa ya fara sama, sai ya tsaya, ya koma ga ganga. Da na zauna na saurara sai na gane abin da yake nema. So yake ya rage wa taken gudu ba tare da ya zama wani kiɗan daban ba, kuma dogon kiran nan na jinjina, wanda a da sai ƙarshen kunya ake yinsa, so yake ya riƙa sako shi a tsakiya, a kai a kai. In manomi ya miƙe ya ɗaga fartanya, jama'a za su ga girmamawa, shi kuwa ya samu ya sha iska.

Sai dai hannun ya ƙi. Shekara hamsin yana gudu a hanya ɗaya, da ya fara a hankali sai ka ji ya zarce da kansa. Na ga Baba ya tsaya ya dubi hannunsa na dama ya ce masa, "Tsaya mana. Ina za ka?" Dariya ta zo mini, hawaye suka riga ta.

A aji nakan gaya wa yara cewa bita ta wanda bai iya ba ce, ya yi ta yi har ya iya. Ranar na ga wata irin bita da ban san da ita ba, ta wanda ya iya har abin ya fi ƙarfinsa, yana fama ya kwance. Kuma wannan ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Amma akwai abin da ya dame ni, na kuwa faɗa. Na ce, "Baba, in ma bitar ce, me ya sa nan? Ba ka ga iskar la'asar daga nan take busawa cikin gari ba? Kuma gidan Baba Ɗanbala ne na ƙarshe ta wannan gefen. In ya ji fa? Ga fadama can yamma, ko harbi aka yi babu mai ji."

Ya sha ruwa, ya miƙo mini butar, ya ce, "Nan ya fi mini."

Shi ke nan amsar. Na dawo gida ina ta mita ni kaɗai. Da na sake kai masa ruwa bayan wasu kwanaki, na tarar ya bar gindin dutsen ya hau can sama, da tsufansa da ganga a kafaɗa, ko fartanyar ma bai zo da ita ba. Yana tsaye ya fuskanci gari yana kiɗa. Na yi masa faɗan hawa dutse daga ƙasa, na ce in ya zame ya karye sai mu haɗa shi da Liman a yi musu gayya ɗaya. Ko juyowa bai yi ba. Amma na lura kiɗan ya zauna. Ya daina tsayawa yana sakewa, tafiya yake yi a natse, kiran jinjina yana faɗowa a wurare da ni dai ban ga ƙa'idarsu ba, wani kusa, wani da ɗan nisa.

Ranar gayya gari ya waye da sanyin ruwan da aka yi da asuba. Gonar Liman ta cika, samari sun jeru da fartanyoyi, wasu waya a hannu sun fi masu fartanya yawa. Mu mata muna gefe ƙarƙashin ɗorawa da tukwanen kunu da ɗanwake. Safiyanu ya jingine lasifikarsa a gindin itace, ko da za a buƙata, in ji shi. Na harare shi har sai da ya matsa da ita. Baba Ɗanbala yana tsaye a bakin gona da tsohuwar rigar nomansa, ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa, amma yana ta ba'a da samari kamar babu komai. Inna Hajjo ta zo ta tsaya kusa da ni ta kama wuyan hannuna.

Baba ya gyara igiya a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya fara bin gwanaye. Ƙwas, a jikin itace. Ya ɗan dakata. Ƙwas. Ƙwas. Haka ya yi ta yi, gonar ta yi tsit, tsofaffi suna ambaton sunayen a hankali suna cewa Allah ya jiƙansu. Sai a lokacin na gane duk sa'o'insu sun tafi. Da ya zo kan na ƙarshe, taken Baba Ɗanbala, ya ɗaga gula, ya tsaya. Yatsun Inna Hajjo suka nutse a hannuna. Baba Ɗanbala ya daina dariya, yana kallon gular nan.

Ta sauka a kan fata. Ɗanbala gagara rana, ƙasa ta san ka.

Wayyo, jama'a. Tsohon nan ya yi wata kururuwa, jikinsa ya ɗauki rawa tun daga gwiwa, ya daka tsalle ya faɗa kunyar farko. Na ce shi ke nan, mun kashe shi. Baba ya bi bayansa. Fartanya ta fara sauka, kuma a kan kiɗan take sauka, sabon kiɗan, ba ta riga shi ba ko sau ɗaya. Ba su yi nisa ba gangar ta yi dogon kira. Nan ne na riƙe numfashi, don a sanin Baba Ɗanbala babu jinjina a wannan wuri, kuma mutumin da ya tsuma ba ya jin birki. Sai ga shi ya miƙe cak, daidai da kiran, ya ɗaga fartanya sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya tsaya a haka ƙirjinsa na hawa da sauka har gangar ta sake shi, ya koma ya sunkuya.

Haka suka tafi. Noma kaɗan, jinjina. Noma kaɗan, jinjina. Samari da suka shiga bayansa suka wuce shi, suka kai ƙarshe suka juyo, babu wanda ya kula, kowa su biyun yake kallo. Wani dattijo a bayanmu yana cewa bai taɓa ganin an girmama manomi irin haka ba, jinjina a kan jinjina, lallai Badamasi ya san darajar abokinsa. Shi ne fa mai cewa uban Baba zai koma da baƙin ciki. Na juya na dube shi, na mayar da idona gona.

Da suka kai ƙarshen kunyar Baba ya ja kiran ya daɗe, ya daɗe, sannan ya rufe taken gaba ɗaya ya juya zuwa kiɗan samari. Baba Ɗanbala ya miƙa wa Safiyanu fartanyarsa ya ce, "Na buɗe muku. Ku ƙarasa, in kun iya." Ya tako da ƙafarsa har gindin ɗorawa ya zauna. Inna Hajjo ta sake ni, ta durƙusa tana zuba masa kunu, rabi a ƙwarya rabi a ƙasa.

Da rana ta take aka tsaya cin abinci, ni na kai musu ɗanwake, ƙwarya ɗaya kamar da. Na ɗan tsaya ina jiran in ji abin da za su ce.

Baba Ɗanbala ya ce, "Badamasi, hannun nan yana nan yadda na san shi."

Baba ya ce, "Kai ma bayanka yana nan."

Daga nan suka sa hannu a ƙwarya. Ƙarya suka yi wa juna su duka biyun, kuma ban taɓa jin ƙaryar da ta yi mini daɗi kamarta ba.

Da yamma na kai wa Inna Hajjo ƙoren da suka haɗu da namu. Na ce mata ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda Baba Ɗanbala ya san wuraren tsayawa, kamar an gaya masa. Ta leƙa zaure ta tabbatar maigidan ya tafi masallaci, sannan ta ja ni muka zagaya ta bayan gidan nasu. Akwai ɗan fili a wurin, cikin danga, inda takan shuka kuɓewa da yakuwa. Babu kuɓewa babu yakuwa. Kunya biyu ce ko uku, an nome su an sake nomewa har ƙasar ta yi laushi kamar gari.

Ta ce, "Kullum da la'asar, da iska ta kawo sautin nan, sai ya ɗauki fartanya ya shigo nan ya ja ƙyaure. Ranar farko na zaci mutuwa zai yi, gudu yake yi yana rigan kiɗan, ya tsaya ya dafe ƙirji, ya zagi kansa. Daga nesa kiɗan ba ya tsuma shi sosai, yana iya saurara. A hankali a hankali har suka daidaita. Kuɓewata dai ta tafi."

Na baro gidan kusan da gudu. Na tarar da Baba a tsakar gida yana goge gangar zai mayar cikin buhu. Na ce, "Baba, ashe yana jin ka! Duk kwanakin nan yana bayan gidansa yana bin kiɗan da fartanya. Ai na gaya maka iska na kaiwa!"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da shafa mai a fatar, sannan ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji a bakinsa.

"Daga saman dutsen nan ana hango bayan gidansa tar. Kwanakin farko da numfashina nake aunawa, sai na ga nawa ya fi nasa tsawo. Shi ya sa na hau. Duk inda na ga ya tsaya ya dafe ƙirji, nan nake sa jinjina."

Na zauna a bakin turmi. Na tambaye shi ko Baba Ɗanbala ya san ana hango shi. Ya ce bai tambaye shi ba, kuma ba zai tambaya ba. Ya ce in bar zancen a cikina muddin abokinsa yana raye.

Na riƙe shi kuwa, har ranin bana. Baba Ɗanbala ya cika a kan tabarmarsa, bayan sallar azahar, Inna Hajjo na gefensa. Da Baba ya dawo daga maƙabarta bai tsaya ko'ina ba. Ya shiga ɗaki ya sauko da gangar, ya zare ta daga buhu, ya buga gula sau ɗaya a jikin itacen, ƙwas, ya mayar ya rataye.